Layar da Ba Ta Taɓa Ƙasa

Rahoton ya shigo ofishin 'yan sanda na Sharafiyya bayan sallar azahar: an fasa wani gida, an ɗauki kwamfuta da hoto. Mai ƙarar tana magana rabi Larabci rabi Hausa, kuka ya cinye sauran. Da ma in irin wannan ta taso ba a tambayar wa za a tura. Kowa sai ya juya ya kalli Sufeto Saif.

Saif haifaffen Jidda ne, jikan Hausawan da suka zo Hajji tun zamanin tafiyar ƙafa suka zauna. Mulazim ne a takarda, wato laftanar, amma Hausawan gari Sufeto suke ce masa. Yana jin Hausa tas, sai dai in ya buɗe baki zai mayar, tsofaffi su kama ciki don dariya. Ko a jikinsa. Ya daɗe da lura cewa mutum in yana yi maka dariya, mantawa yake da abin da ya zo ɓoyewa.

"Yalla, Muath," ya ce wa sajensa. "Ɗauko mota."

Gidan yana saman wani tsohon bene, bayan layin masu sayar da waya. Wata mata mai kimanin shekara arba'in ta tare su a bakin ƙofa, kubar a ɓalle.

"Ni na kira, Surayya sunana. Na kai Inna asibiti wankin ƙoda, muka dawo muka tarar da haka."

Ɗakin kamar an yi dambe a ciki. An kifar da tsohuwar adaka, zannuwa da kwalaben turare da magunguna duk a ƙasa, har da tasbaha. Saif ya durƙusa ya ɗauki wani ɗan kunne ya juya shi. Zinariya ce.

"Ɓarawo ya tsallake zinariya ya ɗauki hoto," ya ce. "Hoton wa?"

"Na ubana."

Wata tsohuwa ce ta amsa daga kan gado. Hajiya Rahamatu ke nan, ta haura tamanin, fara sol, idanunta kamar na mage. Ciwo ya cinye jikin, amma bai taɓa bakin ba.

"Kai ne Sufeton? Matso, ɗan nan. Ɗan gidan wa?"

"Ni jikar Malam Ɗan'azumi na Ruwais, Hajiya."

"Jikar! Innalillahi. An ba mu mace da gemu." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sannan ta share ido. "To zauna ka ji. A Bor Sudan aka haife ni. Ubana Bature ne mai gyaran injin jirgin ruwa. Ya musulunta aka sa masa Abdullahi, ya rasu ina goye. Innata ta ce Maikal ne sunansa na yanka, kuma in kana son ganin fushinsa ka ce masa Ingilishi. Shi mutumin Irlanda ne. Iyakar abin da na sani ke nan."

"Sunan gidansu fa?"

"Da na sani zan kira ka? Tun ina yarinya ake nuna ni da baki, wai 'yar Bature, ba a ɗaura wa uwata aure ba. A wurin biki an faɗa, a wurin makoki an faɗa. Likita ya ce kwanana sun ƙarato. Ni kuwa ba na so a sa ni a rami ban san sunan ubana ba, ban wanke uwata ba."

Saif ya ji abin ya taɓa shi. Ya juya wajen Surayya.

Ta ce tafinta ce a wani asibiti, Turancinta ya zauna. "Shekaru na yi ina tono a intanet. Rajistar haihuwa ta Irlanda, littattafan coci-coci da aka ɗora, ƙidayar jama'a ta 1901 da ta 1911. Wasu takardun ma sun ƙone a yaƙinsu na 1922. Ga shi Maikal a can kamar Muhammadu ne a Kano, kowane gida akwai. Wata ma'aikaciyar gidan adana tarihi a Dublin ta ce in turo mata hoton, ko za ta gane wani abu a rigarsa. Na sa shi a kwamfuta jiya, ban kai ga turawa ba."

"Wa ya san za ki tura?"

"Na faɗa a zauren wasaf na dangi. Murna ce ta ɗebe ni."

Saif ya miƙe yana bin ɗakin da kallo. A saman kabad, can inda hannun tsohuwa ba zai kai ba, ya hango wani abu a kan farin hankici. Ya sa hannu ya sauko da shi. Laya ce ɗinkin fata, ta yi baƙi don tsufa, faɗinta bai wuce tafin hannu ba.

Hajiya ta zabura. "Kai! Riƙe ta da kyau! Wa ya kai ta can? A ƙasan adaka take."

"Ta wace ce?"

"Ta Innata. Ta gargaɗe ni, ni ma na gargaɗi 'ya'yana: ba a buɗe ta, ba ta taɓa ƙasa. Ranar da aka yi ɗaya, asirin gidanmu ya tonu."

Saif ya auna ta a hannunsa. Nauyinta ya ba shi mamaki. Ya nemi izini ya sa ta a aljihun gaba.

A ƙasan benen akwai shagon wanki da guga. Mai gugar wani siriri ne, Jabiru, mutumin Gusau. Yana ganin kaki ya fara zufa, alhali na'urar sanyi na aiki.

"Ina kake da hantsi?" in ji Saif.

"Masallaci, yallaɓai."

"Da hantsi? Wace salla ce wannan?"

"Nafila, yallaɓai. Ni mutum ne mai yawan nafila."

Saif ya dubi jerin riguna da ke rataye, ya taɓa ta ƙarshe. "Masha Allah. Kana nafila, dutsen guga yana aiki shi kaɗai. Kai Jabiru, umra ka zo ka zarce, na gani a idonka. Yau ba iƙama, takardar izinin zama, ta kawo ni ba. Wa ya hau benen nan?"

Jabiru ya waiga hagu ya waiga dama, ya rage murya. "Yallaɓai, ka rufa mini asiri. In na ambaci Sharifi ya yi mini baki, ina zan sa kaina? Jinin Manzo ne fa."

"Wane Sharifin?"

"Sharifi Abduljalil na Kurayyat. Na taɓa zuwa wurinsa ya yi mini addu'ar samun kafili, ubangidan da zai tsaya mini in sami takarda. Da na gan shi na fito na durƙusa, ko kallona bai yi ba. Ya hau, ya jima, ya sauko da abu a cikin babbar rigarsa."

"Kafilin ya samu?"

"Har yanzu dai muna jira, yallaɓai."

Saif ya kira Surayya daga cikin mota. "Kin san wani Sharifi Abduljalil?"



"Yayana ne," ta ce. "Ɗan farin Inna."

Da la'asar suka isa unguwar Kurayyat. Takalma fal a ƙofar gidan. A falo alhazai ne zaune a kan darduma, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, kowa ya ƙunso sadakarsa yana jiran a kira shi. A kan kujera mai taushi wani dattijo ne fari, dogo, da koren rawani. Idanunsa na Hajiya Rahamatu ne sak. A bango an rataye bishiyar nasaba cikin gilashi, rassanta sun hau har inda bai kamata mutum ya kai kansa da ƙarya ba.

Saif ya yi sallama, aka ba su wuri a ɗakin ciki.

"An fasa ɗakin mahaifiyarka, ya Shaikh."

"Na ji. La haula. Ina Makka tun asuba, yanzu na shigo."

"An ce an gan ka a Sharafiyya."

"Wa ya ce? Farare nawa ne a Jidda?"

"Me ka sani game da kakanka na wajen uwa?"

Abduljalil ya gyara rawani. "Sharifi ne daga Fas, ga shi can a bango. Inna tsufa ya kama ta, tana haɗa mafarki da gaskiya. Surayya kuwa boko ne ya ɗebe ta, so take ta maƙala mu a jikin Nasara. Abin kunya!"

"Ka taɓa ganin hoton?"

"Ni ba na kallon hotuna."

Saif ya yi godiya ya fito. A mota Muath ya ce, "Mu kama shi mana, sidi."

"Da shaidar mai guga da ke rawar jiki? Gobe zai ce bai ga kowa ba. Bari tukuna."

Washegari da safe Surayya ta zo ofis da wayarta a hannu. Saƙo ne ya shigo daga shafin da take ajiye bincikenta: wani ya shiga da kwamfutarta yana neman a goge komai, shafin kuma yana tambaya ko ita ce.

"Ya ɗauka aikin a cikin kwamfutar yake," ta ce. "Bai san yana can a ajiye a wurinsu ba."

Saif ya miƙa wa sashen fasaha. Kafin azahar amsa ta dawo: daga wani bene a Kurayyat aka shiga. Benen dai na Abduljalil ne, amma 'yan haya sun cika shi, kuma duk layin intanet ɗaya suke sha.

Saif ya zauna yana juya layar a hannunsa. Can sai ya yi murmushi.

"Muath, je ka gaya wa Shaikh mun kama ɓarawo, ya zo ɗakin mahaifiyarsa ya shaida. Ka biya ka ɗauko mini Jabiru."

Kowa ya hallara bayan la'asar. Hajiya a kan gado, Surayya a gefenta, Jabiru a tsugune a bakin ƙofa yana karanto duk addu'ar da ya iya. Abduljalil ya shigo cikin ƙamshi da kwarjini, ya gaida uwarsa a tsaye. Da ya ga Jabiru sai ya girgiza kai.

"Wannan ne? Allah ya shirye ka, yaro."

"Kafin mu je can," in ji Saif, "akwai abin da zan mayar wa Hajiya."

Ya zaro layar daga aljihu, ya taka zuwa tsakiyar ɗaki, ya miƙa hannu. Sai kawai ya sake ta.

Surayya ta ƙwalla ƙara. Muath bai motsa ba, Jabiru ma haka, don su a wurinsu tsohuwar fata ce. Amma Sharifi Abduljalil, dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, wanda ko tashi daga kujera sai an kama masa hannu, ya yi tsalle ya zube rub da ciki. Rawani ya yi gabas, tabarau ya yi yamma. Ya cafe ta kafin ta kai ƙasa, ya ƙanƙame a ƙirji yana haki.

"Ba ka da hankali ne?" ya daka wa Saif tsawa daga inda yake kwance. "Ba ta taɓa ƙasa!"

"Haka Hajiya ta gaya mini," in ji Saif. "Ɓarawonmu ma ya sani. Ya watsar da komai, ya taka tasbaha, ya tsallake zinariya. Amma da ya zo kan wannan, sai ya nemi hankici mai tsabta ya shimfiɗa, ya ɗora ta a saman kabad. Baƙo ba zai yi haka ba."

"Ai kowa a gidan nan haka zai yi!"

"Gaskiyarka. Mutum uku ne suka tashi da tsoronta. Biyu suna asibiti ana wankin ƙoda. Na ukun ya ce yana Makka, amma Jabiru ya durƙusa masa a Sharafiyya, kwamfutar kuma ta yi magana daga benensa. Halas, magana ta ƙare, ya Shaikh."

Abduljalil ya tashi zaune a ƙasa. Ba rawani, sai sanƙo da furfura, ya koma tsoho kamar kowa. Ya kasa kallon gadon.

"Inna, da me zan ci?" ya ce. "Ba takarda, ba sana'a. Mutane ne suka fara, suna ganin fatata suna cewa Sharifi. Na yi shiru, shirun ya zama abinci. In Surayya ta fito da sunan Bature, wa zai sake taka ƙofata?"

"Ina hoton?" in ji Saif.

"Yana cikin motata, da kwamfutar. Na ƙyasta ashana zan ƙona shi, na kasa. Fuskata ce a jiki."

Hajiya ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Kana ji ana zagin uwarka da kakarka, ka sayar da ubana ka sayi wani. Miƙo mini layata."

Ya miƙa da hannu biyu.

Saif ya durƙusa a gaban gadon. "Hajiya, kakata ma tana da layu. Takarda ce a ciki, ba nauyi. Wannan ƙarfe ne a cikinta, kuma zagaye yake. Ba zan taɓa ba sai da izininki."

"Inna ta ce in aka buɗe, asirin gida zai tonu."

"Haka kika ce."

Ta dubi ɗanta a ƙasa, ta taɓe baki. "Ai ya riga ya tonu. Surayya, ɗauko reza."

Ɗinkin ya yi tauri, sai da Surayya ta yi da gaske. Fata, sai tsumma, sai wata fatar. Daga ƙarshe wani abu ya zamo ya faɗa a cinyar Hajiya. Lambar yabo ce ta azurfa, irin wadda aka raba wa sojoji bayan yaƙin duniya na farko: kan sarki a fuska ɗaya, mahayin doki a ɗayar.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Azurfa! Inna ta sha gaya mini sadakinta azurfa ce, in ce ina take, ta ce tana inda ɓarawo ba zai taɓa ba. Ashe shi ya sa ta tsorata mu! Wayyo Inna, kin iya dabara."

Surayya ta kai lambar jikin taga.  "Akwai rubutu a bakinta. Lambar soja, da sunan runduna, da... Devane. M. Devane."

Ta faɗa kan wayarta.  Da suna da lamba a hannu, ƙofofin da suka ƙi buɗuwa shekara da shekaru suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ga katin lambar yabonsa. Ga shi a ƙidayar 1901, yaro ƙarami a gidan wani masunci kusa da garin Dingle, da uwarsa da yayyensa mata. Sai ta buɗe katin fanshonsa na soja, ta karanta, ta sake karantawa, hawaye ya hana ta gani.

"Karanta mana, ke!" in ji Hajiya.

"Michael Devane, mazaunin Bor Sudan. Matarsa, Hawwa'u. An ɗaura aure 1941. 'Ya ɗaya, Rahma."

"Sake faɗin ta tsakiyar."

"Matarsa, Inna. Matarsa suka rubuta."

"Allahu Akbar!" Jabiru ne ya faɗa daga bakin ƙofa, ya manta tsoron kaki gaba ɗaya. Saif kansa ya ji wani daɗi ya cika masa ƙirji, irin wanda ƙarin girma bai taɓa ba shi ba.

Hajiya ta gwada sunan a bakinta. "Dibain. Maikal Dibain. Rahamatu 'yar Maikal Dibain. Kai Sufeto, haka za ka rubuta a takardarka, kada ka rage ko wasali."

"Zan rubuto, Hajiya."

"Rubuta ake cewa, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka duk da haka." Ta nuna ɗanta da haɓa. "Wannan kuwa, satar da ya yi mini na yafe."

"Taki kin yafe," in ji Saif. "Ta alhazan da ya yaudara da nasabar ƙarya ba a hannunki take ba, ba a hannuna ba. Sai gaban alƙali."

Ta gyaɗa kai. "To a kai shi. Ya gaya wa alƙali sunan kakansa na gaskiya, ba abin kunya ba ne."

Muath ya sa masa ankwa. Abduljalil bai yi gardama ba, bai ko nemi rawaninsa ba. Suka fita da shi, Saif na biye. Ganin motar 'yan sanda ya tara maƙwabta, matan bene sun cika matakala, ciki har da tsofaffin da suka san tsegumin tun daga Bor Sudan. Suka dare aka wuce da shi.

Ba su kai ƙasa ba sai wata ƙara ta tsaga benen daga sama. Guɗa ce. Muryar ta tsufa, tana karyewa a tsakiya, amma ta ɗauko ta sake rangaɗawa.

Saif ya ɗaga kai. Hajiya Rahamatu ce a bakin ƙofarta, Surayya na tallafe da ita, ta ɗaga azurfar sama kowa ya gani.

"Lafiya, Hajiya?" wata tsohuwa ta tambaya. "Ana tafiya da ɗanki kina guɗa?"

"Ta auren uwata ce," in ji Hajiya. "Ban samu halarta ba. Ku taya ni!"

Matan suka dubi juna. Ɗaya ta fara, wata ta karɓa, sai benen gaba ɗaya ya ɗauka, har masu sayar da waya suka fito daga shagunansu suna tambayar gidan wa ake biki. A cikin wannan guɗar Saif ya buɗe ƙofar mota, ya sa jikan Maikal Devane a baya, ya rufe.